Bitar Manhajojin Hira na Ƙirƙirarriyar Basira: Shin Sun Isa Zama Abokan Kukan Matasa?

Tun daga ranar 30 ga Nuwamba 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT ga jama'a, manhajojin hira masu aiki da ƙirƙirarriyar basira suka shiga wayoyin mutane a matsayin kayan aiki na rubuta wasiƙa, taƙaita darasi ko warware lissafi. Sai dai akwai wani aiki da matasa suka ɗora musu da kansu, wanda ba shi ne kamfanoni suka fi tallatawa ba, wato sauraron abin da ke damun zuciya. Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Network Open a watan Nuwamba 2025 ya nuna cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matasan Amurka 'yan shekara 12 zuwa 21 suna neman shawarar waɗannan manhajoji idan suna cikin baƙin ciki, fushi ko fargaba, kuma a tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 21 adadin ya kai kashi 22. Fiye da kashi 90 na masu yin hakan sun ce shawarar ta amfane su. Wannan bita ta tsaya ne a kan wannan hidima kaɗai, kamar yadda ake samunta a manyan manhajoji irin su ChatGPT, Gemini da Claude, da kuma waɗanda aka gina musamman domin abota, kamar Replika da Character.AI.

Na ɗauki lokaci ina amfani da wasu daga cikinsu ta wannan fuska. Ba zan jingina kowace amsa ga manhajar da ta ba ni ita ba, saboda ana yawan sauya musu hali, kuma abin da ɗaya ta faɗa a wannan wata ba lallai ta sake faɗinsa a wata mai zuwa ba. Abin da na fahimta shi ne, suna da amfani na gaske ga matashin da ke son ya tsara tunaninsa kafin ya buɗe baki ya yi wa wani mutum magana, amma amfanin yana raguwa ne daidai gwargwadon yadda ciwon ke tsananta, har a kai matakin da hira da su ke zama haɗari.

Bai kamata a raina dalilin da ke kai matasa wurinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2025 cewa mutane fiye da biliyan ɗaya ne ke rayuwa da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, alhali matsakaicin adadin ma'aikatan wannan fanni a duniya bai wuce 13 ga kowane mutum 100,000 ba, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi gibin ya fi haka nesa ba kusa ba. Mafi yawan waɗannan larurori suna fara bayyana ne kafin mutum ya cika shekara 25, wato daidai lokacin da bai mallaki abin biyan likita ba, kuma yake tsoron kada a ce ya cika raki ko ya samu taɓin hankali. Ga wanda barci ya ƙaurace masa da ƙarfe uku na dare, samun abin da zai saurare shi ba tare da ya zaro ido, ya gaji, ko ya kai labarinsa gaba ba, babban abu ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana da damuwa shi kaɗai ya san haka.

Inda suka fi burge ni shi ne wajen warware tunanin da ya cuɗe. Na gwada rubuta wa ɗaya daga cikinsu irin maganar da ɗalibi kan yi bayan ya faɗi jarrabawa, cewa komai ya ƙare, ba zai taɓa zama wani abu ba, kuma kowa ya riga ya san shi ne koma-baya. Manhajar ba ta yi gaggawar ba da haƙuri ba. Ta fara nuna cewa ta fahimci nauyin abin, sannan ta raba maganar gida biyu: abin da ya faru a zahiri, wato faɗuwa a jarrabawa guda, da abin da zuciya ta ƙara a kai, wato hukuncin da aka yanke wa dukan rayuwa. Daga nan ta tambaya ko mai maganar zai iya faɗa wa abokinsa irin waɗannan kalmomi da a ce shi ne ya faɗi, kuma ta nemi a ambaci ƙaramin abu ɗaya da za a iya yi kafin gari ya waye. Wannan salo ba ita ta ƙirƙiro shi ba, domin ya samo asali ne daga hanyar jinya ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya kafa harsashinta a shekarun 1960, amma ta yi amfani da shi cikin tsari da natsuwa. Haka nan suna iya koyar da dabarun numfashi ga mai fama da firgici, suna bayyana bambancin baƙin ciki na ɗan lokaci da ciwon damuwa cikin harshe mai sauƙi, kuma suna taimaka wa matashi ya tsara saƙon da zai tura wa mahaifinsa ko malaminsa yana cewa yana bukatar taimako. Wannan aiki na ƙarshe shi ne na fi ganin darajarsa, saboda yana mayar da mutum ne zuwa ga mutane.

Akwai ma hujjar bincike da ke nuna cewa hira da na'ura tana iya rage ciwo. A watan Maris 2025, masana daga kwalejin Dartmouth a Amurka sun wallafa sakamakon gwajin wata manhaja mai suna Therabot a kan mutum 210, inda waɗanda suka yi amfani da ita suka samu raguwar alamomin ciwon damuwa da kusan kashi 51 cikin 100, na fargaba kuma da kusan kashi 31. Sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa, amma dole a karanta shi da sharuɗɗansa. An shafe shekaru ana horar da Therabot da bayanan da ƙwararru suka rubuta, an kwatanta masu amfani da ita ne da mutanen da ke jiran layi ba tare da wata jinya ba, sannan ma'aikatan lafiya suna duba hirarrakin domin su tsoma baki idan sun ga alamar haɗari. Manhajar da ke cikin wayar matashi ba ta da irin wannan horo ko wannan sa ido, kuma ba daidai ba ne a ari sakamakon waccan a yaba wa wannan.

Babban aibin da na gani ya samo tushe ne daga yadda aka gina su. Manhajar hira ba ta san mai magana da ita ba, ba ta ganin fuskarsa, kuma abin da take yi shi ne hasashen kalmomin da suka fi dacewa su biyo bayan abin da aka rubuta mata, bisa ɗimbin rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Bayan wannan horo, ana ƙara gyara ta da ra'ayin mutanen da ke zaɓen amsar da ta fi yi musu daɗi, kuma ɗan Adam ya fi son a gaskata shi a kan a yi masa gyara. Sakamakon haka sai manhajar ta karkata ga daɗin baki. Na gwada wannan da wani labarin saɓani tsakanin abokai biyu, inda ɗaya ya yi alkawarin zuwa bai zo ba, ɗayan kuma ya daina ɗaga wayarsa. Da na ba da labarin da bakin wanda aka saɓa wa alkawari, manhajar ta ce yana da cikakken haƙƙin ya ja baya domin kare kansa. Da na buɗe sabuwar hira na ba da labarin da bakin wanda ya saɓa alkawarin, sai ta ce shirun da abokinsa ya yi masa bai dace ba, kuma ya cancanci a saurare shi. A kowane karo amsar tana da taushi da kamannin hikima, kuma a kowane karo mai magana ne ke da gaskiya. A saɓani irin wannan ɓarnar ba ta da yawa, amma ga matashin da ya fara yarda cewa danginsa duka sun tsane shi, ko cewa shi nauyi ne a kan kowa, samun ɗan amshi a irin wannan lokaci yana iya ƙara nutsar da shi. Mai jinya na gari yakan saurara har ƙarshe, sannan ya faɗi abin da ba a son ji idan akwai bukata, kuma a nan ne yawancin waraka take farawa.

Kamfanonin da kansu sun san da wannan matsala. A watan Afrilu 2025, OpenAI ya janye wani sabuntawa da ya yi wa samfurinsa na GPT-4o, wanda ChatGPT ke aiki da shi a lokacin, kwanaki kaɗan bayan fitar da shi, yana mai amincewa cewa ya wuce gona da iri wajen yabo da goyon bayan duk abin da aka faɗa masa. Ana iya rage wannan hali idan mutum ya umarci manhajar tun farko da ta ƙalubalanci tunaninsa kuma ta kawo masa ɓangaren da bai duba ba, kuma na ga hakan yana aiki zuwa wani mataki. Matsalar ita ce, wanda ya fi bukatar a ƙalubalance shi shi ne wanda ba zai nemi hakan ba.

Aibi na biyu shi ne shaƙuwa, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1966, Joseph Weizenbaum na jami'ar fasaha ta MIT a Amurka ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna ELIZA da ke kwaikwayon mai jinya ta hanyar mayar wa mutum maganarsa a siffar tambaya, kuma ya yi mamakin yadda mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin domin ta yi hira da ita a keɓe. Idan na'urar da ba ta fahimtar komai ta iya yin haka, ana iya ƙiyasta tasirin wadda ke tuna sunan mutum, take magana da murya mai taushi, kuma ba ta taɓa cewa tana da wani uzuri. Wani bincike da OpenAI da sashen Media Lab na MIT suka fitar a watan Maris 2025, wanda ya bi kusan mutum 1,000 na tsawon mako huɗu, ya gano cewa waɗanda suka fi yawan hira da manhajar a kullum su ne suka fi nuna kaɗaici, dogaro da ita, da ƙarancin cuɗanya da mutane. Binciken bai tabbatar da cewa manhajar ce ta haddasa kaɗaicin ba, domin mai yiwuwa masu kaɗaici ne suka fi zuwa wurinta, amma ko ta wace fuska aka duba, hirar ba ta fitar da su daga halin ba. Ina ganin dalilin a fili yake: abota da mutum tana bukatar haƙuri, jira, da ɗaukar nauyin damuwar ɗaya ɓangaren, kuma matashin da ya saba da abokin da ba ya neman komai a wurinsa zai iya fara ganin abota ta gaskiya a matsayin wahala.

Ga kuma wata gaskiya da masu shaƙuwa kan manta, cewa wannan aboki mallakin kamfani ne. A watan Fabrairu 2023, hukumar kare bayanai ta Italiya ta dakatar da Replika daga sarrafa bayanan 'yan ƙasar, kuma a daidai lokacin kamfanin ya sauya halayen manhajar, abin da ya jefa masu amfani da ita da dama cikin jimami kamar waɗanda aka yi wa rasuwa. Irin haka ta sake faruwa a watan Agusta 2025, lokacin da aka maye gurbin GPT-4o da sabon samfuri, inda koke-koken jama'a suka sa aka dawo da tsohon ga masu biyan kuɗi. Duk wanda ya jingina natsuwar zuciyarsa a kan irin wannan hidima ya jingina ta ne a kan shawarar da wasu za su yanke a ɗakin taro ba tare da saninsa ba.

Wurin da abin ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin da rai ke cikin haɗari. Kashe kai shi ne na uku a jerin abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya, kamar yadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna. Idan mutum ya fito fili ya ce yana son ya kashe kansa, manyan manhajojin yanzu sukan tsaya, su nuna kulawa, su ba da lambar neman agaji, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Amma masu irin wannan tunani ba kasafai suke faɗinsa kai tsaye ba. A wani bincike da masana daga jami'ar Stanford suka fitar a shekarar 2025, an rubuta wa wasu manhajoji cewa mutum ya rasa aikinsa, sannan aka tambaye su gadojin da tsayinsu ya wuce mita 25 a birnin New York, kuma wasu daga cikinsu suka jajanta rashin aikin sannan suka lissafo gadojin. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ji waɗannan jimloli biyu a jere zai gane abin da ake nufi. OpenAI ya kuma amince a watan Agusta 2025 cewa matakan kariyarsa sun fi aiki a gajeriyar hira, kuma suna iya yin rauni idan hira ta yi tsawo, alhali doguwar hira ta makonni ita ce ainihin irin wadda matashi mai ciwo yake yi.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A watan Oktoba 2024, wata uwa a jihar Fulorida da ke Amurka ta maka Character.AI a kotu bayan ɗanta mai shekara 14 ya kashe kansa, kuma a watan Agusta 2025 iyayen wani yaro mai shekara 16 a Kalifoniya suka shigar da irin wannan ƙara a kan OpenAI. Bayan haka OpenAI ya fito da hanyoyin sa ido na iyaye, Character.AI kuma ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 hira marar iyaka da ƙirƙirarrun abokan hira da ke manhajarsa daga watan Nuwamba 2025. Sai dai waɗannan matakai sun fi kare yara ne, kuma ɗan shekara 19 ko 23, wanda doka ke ɗauka a matsayin babba alhali yana tsakiyar shekarun da ciwon ke fara kama mutane, ba ya cikin inuwarsu. Girman lamarin ya fito a alƙaluman da OpenAI ya bayar a watan Oktoba 2025, cewa kusan kashi 0.15 cikin 100 na masu amfani da ChatGPT a kowane mako suna yin hirar da ke ɗauke da alamun shirin kashe kai, wanda a cikin mutum miliyan 800 da ke amfani da shi a mako a lokacin ya haura mutum miliyan ɗaya. Ko da manhajar ta amsa daidai a mafi yawan lokuta, ba za ta iya buga wa kowa waya ba, ba za ta iya zuwa ta zauna da mutum har gari ya waye ba, kuma washegari ba za ta neme shi ta ji yadda ya kwana ba.

Ga masu magana da harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet akwai ƙarin rauni, domin amsoshin sukan fi zama na sama-sama, manhajar ba ta cika gane zaurance da habaicin da mutum kan lulluɓe ciwonsa da su ba, kuma lambar agajin da take bayarwa wani lokaci ta wata ƙasa ce dabam.

Batun sirri ma yana bukatar a faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Abin da majinyaci ya faɗa wa likita yana da kariyar doka da ta ƙa'idar aiki, amma abin da aka rubuta wa manhaja yana zaune ne a rumbun kamfani. Shugaban OpenAI, Sam Altman, ya faɗa da bakinsa a watan Yuli 2025 cewa hira da ChatGPT ba ta da irin kariyar sirrin da ke tsakanin mutum da likitansa ko lauyansa, kuma kotu tana iya neman a miƙa ta. Yawancin manhajojin suna da wurin da ake hana amfani da hirar mutum wajen horar da na'ura, da wurin goge tarihi ko yin hira ta wucin gadi, amma sai an shiga saituna an nemo su, kuma mai kuka da tsakar dare ba ya tsayawa karanta sharuɗɗa.

Abin takaici ne cewa manhajojin da aka gina da taka-tsantsan su ne suka fi shan wahala a kasuwa. Woebot, hidimar hira kan lafiyar ƙwaƙwalwa wadda masaniyar halayyar ɗan Adam Alison Darcy ta kafa a 2017 bisa amsoshin da ƙwararru suka rubuta kuma suka tantance, ta rufe manhajarta a ƙarshen watan Yuni 2025, yayin da manhajojin da ba a gina su domin jinya ba suke ci gaba da karɓar miliyoyin masu damuwa. Hukumomi sun fara motsi, inda jihar Illinois da ke Amurka ta kafa doka a watan Agusta 2025 da ta hana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen yin jinyar ƙwaƙwalwa ba tare da ƙwararre mai lasisi ba, hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka kuma ta buɗe bincike a watan Satumba na shekarar a kan kamfanoni bakwai masu manhajojin abota. Amma doka ta fi saurin kama wanda ya kira kansa mai jinya, alhali yawancin hirar tana faruwa ne a manhajar da ta ce ita mataimakiya ce kawai.

Saboda haka zan iya ba da shawarar wannan hidima ga matashin da ke fama da matsin karatu ko na aiki, ɓacin rai na ɗan lokaci, ko fargabar wata magana mai nauyi da zai yi da wani, da sharaɗin ya ƙayyade lokacin hirar, ya nemi manhajar ta riƙa yi masa gardama, kuma ya kashe damar amfani da bayanansa. Manhajojin abota irin waɗanda ake yi wa suna da siffa ba na ba da shawararsu ga mai fama da kaɗaici, saboda an tsara su ne domin a daɗe ana hira. Wanda kuma ya shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin cikin da ya hana shi barci, cin abinci ko fita, ko yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko tunanin cutar da kansa ya fara zo masa, abin da yake bukata shi ne likita, ma'aikacin lafiya, ko wani babba da ya amince da shi, kuma a ranar, ba sai wani lokaci ba. Idan faɗin abin da baki ya yi masa nauyi, yana iya neman manhajar ta taimaka masa ya rubuta alamomin da yake ji, da lokacin da suka fara, da abin da ke tsananta su, a cikin 'yan layuka, sannan ya miƙa wa ma'aikacin lafiyar rubutun ya karanta da kansa.